Yaƙin da Aka Yi da Funfuna a Kan Auduga

A lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, sojojin Amurka da aka kai tsibiran kudancin tekun Pasifik sun gamu da wani abokin gaba wanda bindiga ba ta yi masa komai. A irin su Niyu Gini da tsibiran Solomon ruwan sama ba ya ɗaukewa, ga zafi ga laima. Tantuna da tampol da buhunan yashi, waɗanda galibi da auduga aka saƙa su, sai suka riƙa ruɓewa tun ba su tsufa ba. Funfuna ne yake cinye su.

Zaren auduga kusan dukkansa wani sinadari ne da ake kira selulos, watau ƙwayoyin sukari da suka sarƙe da juna kamar sarƙa. Funfuna kuwa yana fitar da wani ruwa mai tsintsinka sarƙar, ya mai da ita sukari ya sha.

Maganin da aka fara runguma shi ne guba. Tun a ƙarni na 19 ake jiƙa tampol da sinadarin tagulla a Ingila, abin da ke ba shi launin kore, a lokacin yaƙin kuma aka ƙara dogara ga tagullar. Sai dai guba shafe ce kawai, yau da gobe ruwa yakan rage mata ƙarfi.

To, akwai wata hanya wadda ta fi wannan hikima, ita ce a sauya halittar zaren kansa. A 1920 wani masani Bature, Charles Dorée, ya bincika yadda auduga ke lalacewa a ruwan teku, ya lura cewa idan aka haɗa selulos da dangin asid ɗin da ke cikin ruwan khal, ƙwayoyin ruɓa ba sa iya cinsa. Masana a ɗakin binciken Ma'aikatar Gona ta Amurka da ke New Orleans suka ɗora a kan wannan. Suka gano ba sai an sauya zaren duka ba. In an toshe wani kashi na gurabun da ruwan funfuna yake kamawa, shi ke nan, funfuna zai zo ya tarar an canja wa ƙofa makulli. Gwajin da suke yi mai sauƙi ne: a binne ƙyalle a danshin ƙasa. Na auduga zalla yakan zama tsumma cikin mako ɗaya ko biyu, wanda aka sauya kuwa sai ya yi watanni da ƙarfinsa. Har wa yau ya fi jure zafin guga.

Amma dabarar ba ta ci kasuwa ba. Tana da tsada, ga kuma nailan da sauran zaren roba sun fito, waɗanda funfuna bai damu da su ba.

Abin mamaki, funfunan ne ya yi suna. Wani da aka kankaro daga ruɓaɓɓen tampol a tsibiran Solomon ya ƙare a ɗakin binciken sojoji da ke Natick, a jihar Massachusetts, inda Elwyn Reese da Mary Mandels suka shafe shekaru suna nazarinsa. A 1977 aka raɗa masa suna Trichoderma reesei don girmama Reese. Masana'antu suka shiga kiwonsa a manyan tankuna, suna tatsar ruwan nan nasa don tausasa wandunan jins da narkar da karan hatsi a yi man mota.