Kuɗin Shirin Tarbar Annoba: Wane Iri, Kuma Daga Aljihun Wa?

Annobar Ebola da ta ɓarke a Gini a ƙarshen 2013, ta tsallaka Laberiya da Saliyo, ta kama mutum fiye da 28,000, ta kashe sama da 11,000 kafin a shawo kanta a 2016. Da ƙura ta lafa, bakin masu nazari ya zo ɗaya a kan cewa kuɗi sun makara. Sai a watan Agustan 2014 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana dokar ta-ɓaci, wata biyar bayan an tabbatar da cutar, manyan kuɗaɗen agaji kuwa sun biyo baya ne a hankali, a lokacin da gawawwaki suka riga suka fi ƙarfin masu binnewa. Tun daga nan ake ta ƙirƙiro asusu iri-iri da sunan shirin tarbar annoba a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi. Hujjar da zan kafa a wannan maƙala ita ce, ƙarancin kuɗin, ko da yake gaskiya ne, bai kai rashin dacewarsu illa ba. Shirin tarbar annoba hidima ce ta kowane wata, ta albashi da mai da sinadaran gwaji, alhali yawancin kuɗin da ake warewa an tsara su ne su fito sau ɗaya, ko dai bayan bala'i ya auku, ko kuma don aikin da za a yanke masa zare a ɗauki hoto.

Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne tsarin inshorar annoba da Bankin Duniya ya ƙaddamar a 2017, wanda aka fi sani da PEF. Bankin ya sayar wa masu zuba jari takardun bashi na dala miliyan 320, ya ƙara da wasu yarjejeniyoyin inshora na dala miliyan 105. Sharaɗin shi ne masu jarin su riƙa karɓar ruwa mai tsoka, kashi 6.5 cikin ɗari a kan rukuni na farko, da kashi 11.1 a kan rukuni na biyu mai haɗari, ban da ruwan kasuwa da ake ɗorawa a kai. Jamus da Japan ne kan gaba wajen biyan wannan ruwa. Idan annoba ta ɓarke ta cika wasu ƙa'idoji, sai masu jarin su yi asarar uwar kuɗinsu ko wani ɓangare nata, a miƙa wa ƙasashen da abin ya shafa. A takarda dabara ce mai ban sha'awa, domin ta yi alkawarin cewa ba sai an jira taron masu ba da agaji ba.

Ƙa'idojin ne suka kashe ta. Kafin rukunin da ya ƙunshi Ebola ya biya, dole annobar ta yi aƙalla mako 12, ta kashe aƙalla mutum 250, ta kasance tana ƙaruwa bisa wani lissafi na musamman, sannan ta ƙetare iyaka ta kashe aƙalla mutum 20 a wata ƙasa ta biyu. Mai karatu ya lura da abin da wannan yake nufi. Asusun da aka kafa don a kashe wuta tun tana ƙarama ba zai buɗe ba sai wutar ta kama gidan maƙwabci. Haka kuwa aka yi. A watan Agustan 2018 Ebola ta ɓarke a gabashin Jamhuriyar Dimokuraɗiyyar Kwango, ta yi kusan shekara biyu, ta kashe mutum fiye da 2,200. Da yake waɗanda suka mutu a Yuganda ba su kai 20 ba, ɓangaren inshorar bai biya ko sisin kwabo ba. Abin da Kwango ta samu don wannan annoba, dala miliyan 50, ya fito ne daga wani ƙaramin ɓangare na tsabar kuɗi da masu agaji suka zuba kai tsaye, wato ta tsohuwar hanyar da aka ce an zo maye gurbinta. A wannan tsakani masu jari sun karɓi ruwa fiye da dala miliyan 100. Sai a watan Afrilun 2020, korona ta riga ta zagaye duniya, inshorar ta saki dala miliyan 195.84 aka raba wa ƙasashe 64. Bankin bai sake sayar da irin waɗannan takardu ba, aka rufe asusun a 2021.

Akwai wani abu a cikin tsarin da ba a cika magana a kansa ba, wato jerin cututtukan da ya rufe: mura mai zama annoba, dangin korona, dangin Ebola, zazzaɓin Lassa, da wasu zazzaɓi biyu masu sa zubar jini. Babu sanƙarau a ciki, babu kwalara, babu ƙyanda. Waɗannan kuwa su ne annobar da mutumin Sakkwato ko Maraɗi ko Injamena ya sani da sunanta. Jerin ya nuna tsoron wa aka auna. An zaɓi cututtukan da za su iya hawa jirgin sama, aka bar waɗanda ke kashe yara a inda suke kowace bazara ko damina. Ban ce tsoron masu ba da kuɗi haramun ba ne, kowa da abin da ke hana shi barci. Amma ɗakin gwajin da zai gano sabuwar ƙwayar cuta ranar da ta ɓulla shi ne wanda ya saba gwada samfurin sanƙarau da kwalara a kowane mako. Idan ba ya aiki a kan na kullum, ba zai farka don baƙuwa ba.

Abin da ya faru a Legas a 2014 ya isa shaida. A ranar 20 ga Yuli wani matafiyi daga Laberiya, Patrick Sawyer, ya sauka ɗauke da Ebola. Dokta Ameyo Stella Adadevoh ta ƙi sallamar sa daga asibiti duk da matsin da aka yi mata, kuma cutar ta yi ajalinta daga baya. Mutum 20 suka kamu a Legas da Fatakwal, 8 suka mutu, a ranar 20 ga Oktoba aka ayyana Nijeriya ta rabu da cutar. Babu wani asusun gaggawa na duniya da ya yi wannan aiki. Ma'aikatan cibiyar gaggawa ta yaƙi da shan-inna, wadda aka kafa a 2012, su aka kwaso zuwa Legas, Dokta Faisal Shuaib ya jagoranci cibiyar Ebola, tare da likitocin da aka horar a shirin bin sawun cututtuka a fili. Sun bi diddigin mutum kusan 900 da suka yi hulɗa da masu cutar, sun kai ziyarar ido da ido wajen 18,500. Mutanen nan sun koyi aikin ne a unguwannin Kano da ƙauyukan Katsina da Borno, suna bin gida-gida don ɗigon shan-inna, kuma an daɗe ana biyan su kafin Sawyer ya sayi tikiti. Hausawa sun ce ba a fafe gora ranar tafiya. Sai dai a lura, kaso mai yawa na kuɗin da ya tsayar da wannan runduna daga waje ya fito, aka kuma ci gaba da bayar da shi shekara da shekaru saboda duniya ta ƙudiri aniyar kawar da cuta guda. Shirin Ebola ya zo ne a matsayin rara.

Wannan ba ya nufin kuɗin da ake bayarwa sau ɗaya ba su da wurinsu. Tarihin sanƙarau ya nuna inda suke amfani da inda suke tsayawa. A 1996 annobar ta kama mutum fiye da 100,000 a Nijeriya, ta kashe sama da 11,000, Kano na cikin wuraren da suka fi jin jiki. Daga 2001, da kuɗin Gidauniyar Gates, Hukumar Lafiya ta Duniya da ƙungiyar PATH suka haɗa kai da kamfanin Serum na Indiya aka samar da allurar MenAfriVac a kan ƙasa da rabin dala kowace guda. An fara yin ta a Burkina Faso da Mali da Nijar a 2010, cikin 'yan shekaru nau'in A, wanda shi ne ke haddasa yawancin manyan annobar yankin, ya kusa ɓacewa. Ga aikin da ya dace da kuɗin waje: tsadarsa a farko take, babu ƙasa ɗaya ta Sahel da za ta iya ɗaukar nauyinsa, amfaninsa kuma bai san iyaka ba. To amma sai nau'in C ya taso. A 2015 ya kama mutum fiye da 8,000 a Nijar, akasari a Yamai da Doso. A ƙarshen 2016 ya ɓulla a Zamfara, ya yi makonni masu yawa yana kisa kafin labari ya kai inda za a ɗauki mataki, zuwa tsakiyar 2017 an ƙirga sama da mutum 14,000 da ake zargin sun kamu, fiye da 1,100 suka mutu. Tun daga tushe aka samu giɓi: wanda zai ɗebi ruwan ƙashin baya, kwalbar da za a zuba samfurin, babur da man da za a kai shi ɗakin gwaji. Ba a sakin allura daga rumbun ajiya na duniya sai an tabbatar da nau'in ƙwayar cutar, saboda haka kowane jinkiri a asibitin karkara jinkiri ne ga allurar kanta. A 2024 Nijeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi amfani da sabuwar allura mai rufe nau'i biyar. Ci gaba ne babba, amma kuɗin mai na jami'in sa ido na ƙaramar hukuma yana nan a matsayin tambaya.

Korona ba ta kawo sabon darasi ba, ta dai ƙara girman tsohon. Daga dala biliyan 650 na kuɗin ajiya da Asusun Ba da Lamuni na Duniya ya raba a watan Agustan 2021, Afirka gaba ɗayanta ta samu kimanin biliyan 33, domin rabon ya bi ƙarfin tattalin arziki. Allurai sun iso a makare, wasu da ɗan guntun wa'adi, har Nijeriya ta lalata fiye da miliyan ɗaya da wa'adinsu ya ƙare a watan Disamban 2021. Bayan haka aka kafa Asusun Annoba a ƙarƙashin Bankin Duniya a 2022. Ya fi PEF hankali nesa ba kusa ba, domin kyauta yake bayarwa, kuma kafin annoba, don sa ido da ɗakunan gwaji da horar da ma'aikata. Amma lissafin da Bankin da Hukumar Lafiya suka yi wa ƙasashen G20 ya nuna ana buƙatar ƙarin dala biliyan 10.5 daga waje a kowace shekara. A zagayen farko na 2023 ƙasashe sun nemi fiye da biliyan 2.5, aka raba miliyan 338. Kuɗin aiki ne mai wa'adin 'yan shekaru, kuma ta hannun hukumomin ƙasa da ƙasa yake bi. Na'urar gwajin da aka saya a shekarar farko za ta buƙaci sinadari da lantarki da mai gyara a shekara ta biyar, lokacin da aikin ya riga ya rufe littafinsa.

Masu ba da agaji suna da amsa, kuma ba amsar banza ba ce. Sun ce albashi da hidimar yau da kullum nauyin gwamnati ne, idan baƙo ya ɗauka sai ministan kuɗi ya janye nasa ya kai wani wuri. Tarihi yana goyon bayansu. A watan Afrilun 2001 shugabannin Afirka suka yi alkawari a Abuja cewa za su ware kashi 15 cikin ɗari na kasafin kuɗi ga lafiya. Ƙasashe ƙalilan ne suka taɓa cikawa, mai masaukin baƙin kuwa ta daɗe tana kai-komo tsakanin kashi 4 zuwa 6. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta tanadi aƙalla kashi 1 cikin ɗari na kuɗin shigar gwamnatin tarayya ga asusun kiwon lafiya a matakin farko, amma sai a kasafin 2018 aka fara sa kuɗin. A wannan shekarar ne ma Cibiyar Daƙile Cututtuka ta Nijeriya ta samu dokar kafuwarta, bayan ta yi shekaru tana aiki ba tare da ita ba. Wanda ya kare gwamnatocinmu a nan bai yi wa marasa lafiya adalci ba.

Sai dai hujjar masu ba da agajin ta manta da bashi. Rahoton hukumar kasuwanci da ci gaba ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2023 ya nuna mutum biliyan 3.3 suna zaune a ƙasashen da kuɗin ruwan bashi ya fi abin da ake kashewa a kan lafiya ko ilimi. Sassaucin da G20 ta yi daga Mayun 2020 zuwa Disamban 2021 ɗage biya ne kawai, na dala biliyan 12.9, ba yafewa ba, 'yan kasuwa masu bin bashi kuma kusan duk ba su shiga ba. Ko shirin REDISSE na ƙarfafa sa ido kan cututtuka a Afirka ta Yamma, wanda Bankin Duniya ya fara a 2016, ya kai ga Nijeriya da Nijar, wani ɓangare nasa rance ne, ko da mai sauƙin ruwa. Idan har gano annoba da wuri a Zurmi ta Zamfara yana kare mazaunin Landan da Jidda, ban ga dalilin da zai sa talakan Zurmi kaɗai ya ci bashi don wannan kariya ba.

Rabon nauyin da nake ganin ya dace shi ne gwamnati ta ɗauki albashin jami'an sa ido da ma'aikatan ɗakin gwaji a layin kasafi na dindindin, wanda majalisa da 'yan jarida za su iya bibiyar fitarsa har matakin jiha. Kuɗin waje kuma su zama kyauta, da alkawarin shekara goma ko fiye, kasonsu yana raguwa yayin da na gida ke hawa, kamar yadda ƙawancen rigakafi na Gavi ke yi wajen sayen allurai. Ma'aunin nasara ya zama kwana nawa aka ɗauka kafin a gano ɓullar kwalara ko mashaƙo a kai rahoto, domin wannan ne ake iya aunawa kowace shekara ba tare da jiran babbar annoba ba. Al'amarin ya ƙara matsowa tun farkon 2025, da Amurka ta sanar da ficewa daga Hukumar Lafiya ta Duniya ta kuma rushe hukumarta ta agaji, USAID. Majalisar Dokokin Nijeriya ta ƙara dala miliyan 200 a kasafin lafiya na wannan shekarar don toshe giɓin. Kuɗin shan-inna ma suna ja da baya tun da aka ayyana Afirka ta rabu da nau'in cutar na asali a watan Agustan 2020, kuma da yawa daga jami'an da ke kai rahoton ƙyanda da sanƙarau da zazzaɓin shawara daga ƙananan hukumomin Arewa da wannan kuɗin ake riƙe da su.