Kujerar Bishop da Rigar Baƙo

Kwanakin baya wata uwa ta ba ni labarin yarinyar da aka tsayar a ƙofar majami'a domin ba ta ɗaura ɗankwali ba. Ran nan ne ta fara zuwa sujada, ba ta kuwa sake komowa ba. Wanda ya tsayar da ita yana ganin ladabi yake karewa. To, bari mu duba abin da iyayenmu cikin bangaskiya suke nufi da ladabin sutura.

Sa'ad da Manzo Bulus ya rubuta wa Timoti a Afisa (1 Timoti 2:9), abin da ya ambata shi ne zinariya, da lu'ulu'u, da tufafi masu tsada. Ashe masu hali yake ja wa kunne. Yaƙub kuma (2:1-4) ya tsawata wa ikkilisiyar da take ba mai zoben zinariya wuri mai kyau, ta ce wa matalauci mai tsummoki ya tsaya can ko ya zauna a ƙasa. Kun ga maganar sutura da ta karɓar baƙo tare suke tafiya tun farko: mai wadata ya rage ado domin kada marar shi ya ji kunyar shigowa.

Ikkilisiyar Suriya ta riƙe wannan da ƙarfi. Akwai wani littafin tsarin ikkilisiya da aka rubuta can a ƙarni na 3, ana ce da shi Didaskaliya. Ya umarta cewa in babban mutum ya shigo bishop yana cikin wa'azi, kada ya katse Maganar domin ya nema masa wuri. 'Yan'uwa sa karɓe shi. Amma in matalauci ne ya shigo, namiji ko mace, ɗan gari ko baƙo, musamman tsoho, babu kuwa wuri, to bishop da kansa ya sama masa wuri da zuciya ɗaya, ko da shi bishop ɗin zai zauna a ƙasa. Ni kam ban taɓa ganin an yi haka ba, ko a majami'ar da nake.

Da tafiya ta yi nisa aka manta. A Ingila da Amurka har hayar kujerun majami'a aka riƙa bayarwa, masu kuɗi a gaba, talakawa can baya. A shekarun 1840, William Booth yana saurayi a garin Nottingham, ya kwaso yaran titi masu tsummoki ya shigo da su majami'ar Methodist ya zaunar da su a kujeru masu kyau. Shugabanni suka ce masa nan gaba ya bi da su ta ƙofar baya, su zauna inda ba za a gan su ba. Shi ne daga baya ya kafa ƙungiyar Salvation Army, wadda ta ɗauki wannan suna a 1878.

A 1860 kuwa, a jihar New York, B. T. Roberts da abokansa suka kafa ikkilisiyar Free Methodist. Suka soke hayar kujeru, suka kuma bukaci membobinsu su sa tufafi marasa ado. Dokar suturar a kan membobi take, domin matalaucin da ya leƙo daga waje ya iya zama kusa da kowa.