Mai Shari'a Aloma Mukhtar: Daga Babbar Kotun Kano Zuwa Kujerar Alƙalin Alƙalan Nijeriya

Ranar 16 ga watan Yulin 2012, Shugaban Ƙasa Goodluck Jonathan ya rantsar da Mai Shari'a Maryam Aloma Mukhtar a matsayin Alƙalin Alƙalan Nijeriya, mace ta farko da ta taɓa hawa wannan kujera. Yawancin jama'a a ranar suka fara jin sunanta. Amma mu mutanen Kano, musamman dattawanmu da suka yi zirga-zirgar kotu a shekarun 1970 da 1980, mun daɗe da saninta, domin a nan ta zama alƙaliyar Babbar Kotu. Shekara biyu da wata huɗu kacal ta yi a kan waccan babbar kujera, alhali ta shafe kusan shekara 18 a Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, nesa da gida, ba tare da wani ya buga mata tambari ba. Wannan doguwar tafiya ce muke son mu bi sawunta a mujallarmu ta bana, saboda 'yan uwanmu 'yan Panshekara da neman abinci ya kai Legas da Abuja da Kaduna da Fatakwal su san tarihin, su kuma ba 'ya'yansu labari.

Tasowa da karatu

An haifi Aloma Mukhtar ranar 20 ga watan Nuwambar 1944. A ƙasar Zazzau ta fara karatun boko, a makarantar firamare ta St. George da ke Zariya, sannan ta shiga makarantar St. Bartholomew ta Wusasa. Idan mai karatu ya tuna yadda iyaye a Arewa suke ɗari-ɗari da boko a wancan zamani, ko ga 'ya'ya maza balle mata, zai gane cewa gidan da ya bar 'yarsa ta yi wannan nisa ya yi abin da ba a saba gani ba. Daga nan ta haye zuwa Ingila, ta yi makarantar 'yan mata a yankin Somerset, ta yi kwaleji a garin Reading, kana ta karanta aikin lauya. A 1966 aka shigar da ita sahun lauyoyin Ingila, a 1967 kuma na Nijeriya. Da haka ta zama mace ta farko daga Arewacin ƙasar nan da ta zama lauya. Don a ga tazarar da ke tsakani, tun a 1935 Stella Thomas ta Legas ta sami wannan matsayi, wato sai da Arewa ta jira shekara talatin da ɗoriya.

Lokacin da ta kama aiki, ƙasa ba ta zaune lafiya. A watan Mayun 1967 Janar Yakubu Gowon ya raba Nijeriya zuwa jihohi 12, tsohuwar Jihar Arewa ta kasu gida shida, ba a jima ba kuma yaƙin basasa ya ɓarke. Ta fara ne a matsayin ƙaramar lauyar gwamnati a Ma'aikatar Shari'a ta Arewa, ta kuma yi aiki a ofishin tsara daftarin dokoki na hukumar riƙon ƙwaryar da ke kula da kadarori da ayyukan haɗin gwiwa na jihohin shida. A 1971 ta zama majistare a Jihar Arewa maso Gabas, mai hedikwata a Maiduguri.

Shekarun Kano

A 1973, zamanin Gwamna Audu Baƙo, ta zama Babbar Magatakardar kotunan Jihar Kano. Wanda bai san kotu ba yana iya ɗauka aikin magatakarda ajiyar fayil ne kurum. A gaskiya, ofishin magatakarda shi ne rumbun shari'a: a nan ake shigar da ƙara, a nan ake adana shaidu, daga nan sammaci ke fita, a nan kuma ake harhaɗa kundin bayanan da za a aika wa kotun gaba idan wani ya ɗaukaka ƙara. Idan takarda ɗaya ta ɓace a wannan ofishi, haƙƙin mutum na iya bin ta. Shekara huɗu ta yi tana riƙe da shi.

A 1977 aka naɗa ta alƙaliyar Babbar Kotun Jihar Kano, mace ta farko a wannan matsayi. Waɗannan su ne shekarun da Kano take tashen masana'antu. Bompai ta cika ta batse, Sharaɗa da Challawa suna karɓar masaƙu da majemu da kamfanonin robobi, gonakin kakanninmu suna komawa filayen kamfani, ga kuma Dokar Mallakar Ƙasa ta 1978 da ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna bisa amana. Rigingimun fili da diyya da kwangila da bashin banki, irin waɗanda zamanin ya haifar, Babbar Kotu suke nufa. A cikin wannan yanayi ta yi shekara goma tana sauraron shaidu, akasarinsu a ƙarƙashin Babban Jojin Kano na lokacin, Mai Shari'a Dahiru Musdapher, wanda ya riƙe muƙamin daga 1979 zuwa 1985. Mai karatu ya riƙe wannan suna, za mu sake haɗuwa da shi a gaba.

Mece ce Kotun Ɗaukaka Ƙara?

Kafin Nijeriya ta zama jamhuriya a 1963, shari'ar da ta gagara a nan sai a kai ta Landan, gaban kwamitin shari'a na majalisar Sarauniyar Ingila. Da aka yanke wannan igiya, sai ƙararraki daga manyan kotuna suka riƙa kwarara kai tsaye zuwa Kotun Ƙoli, har kaya suka yi mata yawa. Wannan ne ya sa gwamnatin soja ta kafa Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya a 1976, ta zama tsani tsakanin manyan kotuna da Kotun Ƙoli. Mai Shari'a Dan Ibekwe ne shugabanta na farko, sai Mai Shari'a Mamman Nasir, wanda daga baya ya zama Galadiman Katsina, ya shugabance ta daga 1978 zuwa 1992.

Aikin wannan kotu ya sha bamban da wanda muka saba gani. A bisa al'ada ba a kiran shaidu, ba a sake rantsar da kowa. Alƙalai uku ne suke zama, ko biyar idan batun ya shafi fassarar tsarin mulki, su karanta kundin da ƙaramar kotu ta aiko, su karanta hujjojin da lauyoyi suka rubuta, su duba ko alƙalin farko ya bi doka ko ya kauce. Rinjaye ake bi, amma wanda bai gamsu ba yana da ikon rubuta nasa hukuncin daban. Hausawa kan ce shari'a mace ce mai ciki, ba a san abin da za ta haifa ba. To wannan kotu ita ce wurin da mutumin da ya ga an haifar masa abin da bai dace ba yake kai kukansa.

Kada kuma mu ɗauka kotun manya ce da ba ruwanta da talaka. Shari'ar gado ko ta aure da ta tashi daga kotun Musulunci ta unguwa, ta bi ta Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta jiha, nan take zuwa, shi ya sa tsarin mulki ya wajabta a sami aƙalla alƙalai uku masana shari'ar Musulunci a cikinta. Ma'aikacin da aka sallama daga masana'anta ba tare da haƙƙinsa ba, idan ya je Kotun Ma'aikata ta Ƙasa aka ɗaukaka ƙara, a wannan kotu maganar take ƙarewa. Shekara da shekaru mutanen Kano sai sun tafi Kaduna kafin su same ta, har aka zo aka buɗe mata reshe a Kano.

Shekara goma sha takwas

A 1987 aka ɗaga Aloma Mukhtar zuwa wannan kotu, nan ma ita ce mace ta farko. Alƙalin Kotun Ɗaukaka Ƙara ba shi da zaɓin wurin zama, inda aka tura shi nan zai je. Ta yi aiki a rassa irin su Ibadan da Jos, ta kai ga jagorantar reshe, tana yanke hukunci tsakanin mutanen da ba harshenta ba ne, kan filaye da sarautu da al'adun da sai ta zauna ta yi nazarinsu. Ta ga zamanin Babangida da na Abacha, lokacin da sojoji kan fitar da dokar da ta hana kotu ma sauraron wasu ƙararraki, ta kuma ga dawowar mulkin farar hula a 1999. Hukuncin da alƙalin wannan kotu ya rubuta yakan shiga littattafan rahoton shari'a, lauyoyi su kafa hujja da shi, ƙananan kotuna su bi shi tilas. Aiki ne na karatu da rubutu, dare da rana, wanda jarida ba ta cika waiwaya ba. Sannu ba ta hana zuwa, in ji masu iya magana: sai a watan Yunin 2005 ta shiga Kotun Ƙoli, tana da shekara 60, mace ta farko a tarihin kotun.

Hukuncin 2008

Idan ana son sanin irin alƙaliyar da waɗancan shekaru suka ƙera, sai a dubi shari'ar zaɓen shugaban ƙasa na watan Afrilun 2007. Janar Muhammadu Buhari na jam'iyyar ANPP ya ƙalubalanci nasarar Alhaji Umaru Musa 'Yar'aduwa na PDP, dukansu 'yan Jihar Katsina. Kamar yadda doka ta tsara, a Kotun Ɗaukaka Ƙara aka fara sauraron ƙarar, ta kuma tabbatar da zaɓen. Da aka je Kotun Ƙoli, babban abin da aka yi ta muhawara a kai shi ne takardun ƙuri'a da hukumar zaɓe ta buga ba tare da lambobin jeri ba, alhali Dokar Zaɓe ta 2006 ta ce a sa su. Lambar jeri ita ce ke ba da damar bin sawun kowace ƙuri'a, a san daga inda ta fito.

Ranar 12 ga watan Disambar 2008, alƙalai huɗu cikin bakwai suka ce mai ƙara bai nuna cewa wannan kuskure ya sauya sakamako ba, suka bar 'Yar'aduwa a kan mulki. Uku suka ce saɓa wa doka irin wannan ya isa a soke zaɓen: George Oguntade da Walter Onnoghen da Aloma Mukhtar. Cikin huɗun da suka yi rinjaye akwai Dahiru Musdapher, tsohon shugabanta a Kano. Tsofaffin alƙalan kotu ɗaya, kowa ya karanta doka ya tsaya inda fahimtarsa ta kai shi. Ra'ayinta bai yi rinjaye ba, amma ta rubuta shi ta sa hannu a kan shugaban ƙasa mai ci, kuma yana nan a rubuce ga duk ɗalibin lauya da ke son karantawa.

A kan babbar kujera

Shi dai wannan Musdapher ɗin ta gada a 2012. A gaban Majalisar Dattawa, lokacin tantance ta, ba ta ɓoye cewa akwai ɓata-gari a cikin alƙalai ba, ta kuma yi alkawarin tsabtace gida. A matsayinta na shugabar Majalisar Kula da Harkokin Shari'a ta Ƙasa, an ga alamar hakan: a 2013 majalisar ta ba da shawarar yi wa wasu alƙalan manyan kotuna ritayar dole, ta kuma dakatar da wani alƙali na tsawon shekara guda bayan ya ba wanda ya amsa laifi a shari'ar biliyoyin kuɗin fanshon 'yan sanda zaɓin biyan tarar naira 750,000.

Ba a rasa masu suka ba. A watan Nuwambar 2012 ta jinkirta rantsar da Mai Shari'a Ifeoma Jombo-Ofo a Kotun Ɗaukaka Ƙara saboda ƙorafin da aka shigar cewa asalinta 'yar Anambra ce, aure ne ya kai ta Abiya, jihar da aka ba ta gurbi da sunanta. Mutane da dama, har da Majalisar Dattawa, suka ga ba a kyauta wa matan aure ba, daga bisani aka rantsar da ita. Mu da muke zaune a garuruwan wasu, 'ya'yanmu suna tasowa a can, mun fi kowa sanin cewa wannan magana ta asalin jiha ba ta mutu ba har yau.

Ta yi ritaya ranar 20 ga watan Nuwambar 2014, da cikarta shekara 70 kamar yadda tsarin mulki ya tanada, bayan shekara 47 tana aikin shari'a. Mai Shari'a Mahmud Mohammed ne ya gaje ta.

Abin da ya rage gare mu

Ƙofar da ta buɗe ba ta rufe ba. Mai Shari'a Zainab Bulkachuwa ta zama mace ta farko da ta shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara, daga 2014 zuwa 2020, Mai Shari'a Monica Dongban-Mensem ta karɓa daga hannunta. A 2023 Mai Shari'a Dije Abdu Aboki ta zama cikakkiyar Babbar Jojin Kano, a kotun da Aloma ta shiga ita kaɗai mace a 1977. A 2024 kuma Mai Shari'a Kudirat Kekere-Ekun ta zama mace ta biyu da aka rantsar Alƙalin Alƙalan Nijeriya.

Garinmu yana zaune ne a tsakiyar al'amuran da sai da doka ake warware su: filayen da aka karɓa, masana'antun da suka rufe suka bar ma'aikata suna bin haƙƙi, ruwan majemu da ke gangarawa Kogin Challawa. Duk ranar da irin wannan magana ta je kotu, wanda ya san doka ne yake magana, saura su yi kallo. Don haka muna kira ga 'yan uwa da Allah Ya hore wa hali a birane, kowa ya dubi gidansu, ya nemi yarinya ko yaron da ke da kai amma kuɗin jarrabawa ko na rajista ya tsayar, ya ɗauki nauyinsa har Jami'ar Bayero, har Makarantar Lauyoyi, wadda reshenta ke nan kusa da mu a Bagauda. Muna kuma roƙon iyaye su yi haƙuri da tsawon hanyar, domin ita ma wadda muka ba da tarihinta sai da ta yi shekara goma da fara aiki kafin a kira ta Mai Shari'a. Allah Ya ƙara mata lafiya, Ya albarkaci zuri'armu baki ɗaya.