Kwamfutar Masu Tace Fim

Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a Kano a 1990, a kaset ake tace fim. Sai da sana'ar ta koma kan kwamfuta sannan masu tacewa suka gane cewa irin wadda ke buga takarda a shagon Kwanar Dangora ba za ta iya wannan dako ba. Wani zai ce ai kwamfutar tebur ta yau tana da gudu. Haka ne, amma ba a gudu ta bambanta da ta ƙwararru ba. Ta ƙwararru, irin Dell Precision, an ƙera ta ne ta kwana tana aiki, kuma galibi ma'adanarta tana gyara kuskure da kanta kafin ya ɓata aikin mako. Juriyar ce ke da tsada.