Man da Ba a Gani: Yadda Shafen Zare Ya Shiga Tarihin Zaren Kabon

Jirgin Boeing 787, wanda ya fara ɗaukar fasinjoji a shekarar 2011, kusan rabin nauyin jikinsa haɗi ne da aka yi da zaren kabon. Idan aka zo ba da labarin wannan zare, galibi wutar tanderu ake ambato. Akwai kuwa wani mataki da ke gaban wutar, wanda ba a cika waiwayarsa ba, wato shafa wa ɗanyen zaren mai kafin a gasa shi. Raina kama, ka ga gayya.

Gasa zare har ya koma gawayi tsohuwar dabara ce. A 1879 Thomas Edison ya gasa zaren auduga ya sa a ƙwan lantarki, amma haske kawai ake nema a wurinsa, ba ƙarfi ba. Sai a 1958 Roger Bacon, na kamfanin Union Carbide a jihar Ohio ta Amurka, ya samar da 'yan silayen kabon masu ƙarfin gaske. A 1959 kuma Akio Shindo, na cibiyar binciken masana'antu ta gwamnati a Osaka, ya nuna cewa zaren akirilik, dangin wanda ake saƙa rigar sanyi da shi, ya fi dacewa da wannan aiki. Shi ne ake kira PAN. A 1963 masu bincike a Farnborough ta Ingila, William Watt da abokan aikinsa, suka gano cewa idan aka miƙar da zaren aka ɗaure shi tamau lokacin gashin farko, ƙarfinsa na ƙaruwa matuƙa.

Daga nan hanya ta fito. Ana fara gasa zaren cikin iska a zafin digiri 200 zuwa 300, sannan a wuce da shi tanderu mai iskar naitirojin, inda zafi ya haura digiri 1,000. To amma ba sili ɗaya ake gasawa ba. Dami ne mai silaye 3,000, ko 12,000, ko 24,000, kowanne ya fi gashin kai siranta nesa ba kusa ba. A gashin farko zaren da kansa yana fitar da zafi, fatarsa ta yi laushi, silayen da ke jingine da juna su manne. Inda suka manne iska ba ta ratsawa daidai, kuma idan suka rabu sai su bar tabo. Zaren kabon kuwa daga tabonsa mafi muni yake tsinkewa. Abin da ake so shi ne dami irin na tsintsiya: maɗauri ɗaya, amma kowane tsinke yana zaman kansa.

Masu masaƙu sun daɗe suna shafa wa zare mai domin ya sulluɓe a kan inji ba tare da ya yi gashi-gashi ko ya tsinke ba. Sai dai man da suka saba da shi ba ya jure zafin tanderu. Yakan lalace ya koma baƙin danƙo. A shekarun 1970 kamfanonin Japan suka fara yin rajistar dabarun amfani da man silikon, musamman wanda aka gyara da sinadarin amino domin ya kama jikin zaren. Wannan mai yana lulluɓe kowane sili da siririyar fata mai jure zafi. Nauyinsa kusan kashi 1 cikin 100 ne na nauyin zaren, amma shi ke raba sili da ɗan'uwansa a daidai lokacin da suke neman narkewa cikin juna.

Maganin ya zo da nasa ciwon. Silikon yakan daskare a kan ƙarafan da ke jan zaren, a tanderu kuma ya koma ƙurar silika, sinadarin da ke cikin yashi, har sai an tsayar da aiki an share. Wanda ya nutsa cikin zaren ma yakan zama tabo. Shi ya sa har yau ake neman man da silikon ɗinsa kaɗan ne, ko babu shi sam. Cikin masu wannan nema akwai Takemoto, kamfanin Japan da ya faro a 1725 da matsar mai, wanda har yanzu yake sayar da man riɗi.

Tarihin kasuwar ya nuna inda nasara take. Ingila ce ta fara gaba, amma fukafukan farfelar injin RB211 na Rolls-Royce, da aka yi da zaren kabon, sun kasa jure gwajin karo da tsuntsu a 1970, kamfanin kuma ya durƙushe a 1971 ƙarƙashin nauyin kuɗin aikin injin. Courtaulds, wanda ya yi fama da gurɓata a ɗanyen zarensa, ya bar sana'ar a 1991. Toray kuwa, kamfanin zare da aka kafa a 1926, ya fara sayar da nasa zaren kabon a 1971. Ya yi shekaru yana samun ciniki daga sandunan kamun kifi da na wasan golf, yana rage tabo ɗaya bayan ɗaya, har zarensa T1000 ya kusa ninka ƙarfin T300 na farko. Shi ne ke ba Boeing zaren 787.

Ba mai kaɗai ya kawo wannan ba. Tsabtar sinadari da salon jan zare duk suna da kasonsu. Amma darasin guda ne: wuta ba ta gyara aibin da zare ya shigo da shi, tabbatar da shi take yi. Saboda haka kamfanoni ke tsare sirrin haɗin mansu, ko da yake a ƙarshe man da kansa ba ya tsira daga tanderun. Aikinsa ya ƙare tun kafin a kira zaren da sunan kabon.