Lambar da ake auna malaman jami'a da ita, daga ina ta fito?

Jiya da daddare wani abokina malamin jami'a ya kira ni ransa a ɓace. Ƙarin girman da yake jira bai samu ba, wai h-index ɗinsa bai kai ba. Shi ya sa na ce bari in ɗan ba mu tarihin wannan lamba.

Asalin abin daga lauyoyi ne. Tun 1873 lauyoyin Amurka suke da kundin Shepard, inda ake bin diddigin wace shari'a ce ta kafa hujja da wacce. A 1955 Eugene Garfield ya kawo shawarar a yi wa rubutun masana kimiyya irin wannan, a 1964 kuma ya fitar da Science Citation Index. Babbar niyyarsa ita ce sauƙaƙa wa mai bincike nemo rubuce-rubuce.

Sai a 2005 Jorge Hirsch, masanin fiziks a Jami'ar California ta San Diego, ya dunƙule aikin mutum kaf cikin lamba ɗaya. Kwamfuta za ta jera maƙalunka daga wadda aka fi ambata zuwa ƙasa, ta riƙa gwada matsayin kowace da yawan ambatonta. A ce kana da biyar, an ambace su sau 10, 8, 5, 4 da 3. Ta huɗu ta samu 4, ta cika. Ta biyar 3 kawai, ba ta kai 5 ba, nan lissafi ya tsaya. Lambarka 4. Ɗalibin kwamfuta ma zai rubuta wannan da Python cikin 'yan layuka, kuma ina ganin sauƙin nan ne ya sa ta bazu, ga Google Scholar da Scopus sun fito tun 2004.

To amma fa, mai maƙala uku da aka ambaci kowace sau dubu, lambarsa 3 ce. Shi kansa Hirsch ya yi gargaɗi cewa fannoni sun bambanta wajen yawan ambato. A 2012 ma masana suka tsara Sanarwar San Francisco, suna kira da a duba aikin kansa, a daina fakewa da lambar mujallar da ta buga shi.

Abokin nawa adabin Hausa yake nazari. Yawancin maƙalunsa suna cikin mujallun sashe da ba a taɓa ɗora su a intanet ba, don haka kwamfutar ba ta ma san da su ba. Ya ce yau zai fara neman mai sikana.