Gajeren Fiffike da Dogon Buri: Tarihin Ƙananan Jiragen Shawagi a Fagen Gasa

Gabatarwa

Duk wanda ya taɓa lura da ungulu ko shirwa da tsakar rana ya ga yadda suke kewaya sama ba tare da kaɗa fiffike ba. Iska ce mai zafi take tasowa daga ƙasar da rana ta gasa, su kuma su hau ta kamar tsani. Wannan dabara ita ce ginshiƙin jirgin shawagi, wato jirgin sama maras inji. Wani jirgi ko igiya ke jan sa ya tashi, daga nan matuƙi ya dogara da karatun gajimare, har ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomitoci. Wannan muƙala za ta bi sawun wata tambaya da ta daɗe tana damun masu wannan wasa: shin gasa gwanintar matuƙi take aunawa ko nauyin aljihunsa? Daga wannan tambaya ne jirage masu gajeren fiffike suka sami gindin zama.

Asalin wasan

Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya, yarjejeniyar Versailles ta 1919 ta hana Jamus mallakar jiragen yaƙi, ta kuma takura mata wajen ƙera jirage masu inji. Sai matasanta suka koma ga jirgin da babu dokar da ta hana. A 1920 aka yi gasar farko a kan tudun Wasserkuppe, kuma a can aka yi gasar duniya ta farko a 1937. Tun a lokacin masu ƙira suka gane cewa dogon fiffike siriri yana rage jan da iska ke yi wa jirgi, don haka ya fi nisan zango. Amma kowace mita da aka ƙara tana ƙara nauyi da tsada, tana kuma buƙatar babbar rumfa da ƙarin hannuwa. Ƙarshen wannan hanya shi ne irin jirgin eta na Jamus, wanda ya fara tashi a 2000 da fukafukai masu tsawon kusan mita 31, abin da sai attajirai ke iya mallaka.

Zamanin mita 15

Yunƙurin farko na daidaita fage ya zo ne a 1939, lokacin da aka zaɓi jirgin Meise na Hans Jacobs, mai mita 15, domin kowane ɗan takara ya tuƙa irinsa a wasannin Olamfik na 1940. Yaƙi ya hana wasannin, amma an rarraba zanen jirgin, aka ƙera shi a Ingila da Faransa da wasu ƙasashe.

A 1958, a gasar duniya ta Leszno a Poland, aka buɗe rukuni na musamman mai iyakar mita 15, wanda aka hana masa kayan ƙawa masu tsada. Jirgin da ya zama tauraron wannan rukuni shi ne Ka 6 na Rudolf Kaiser, wanda aka yi da katako da ƙyalle. An ƙera fiye da dubu, kuma da shi Heinz Huth ya ci gasar duniya a 1960 da 1963. Sirrin farin jininsa shi ne daidai ruwa daidai tsaki: mutum biyu ko uku na iya harhaɗa shi, mota na jan sa a tirela, in iska ta yanke kuma yana iya sauka a ƙaramar gona. A Amurka ma an ga irin haka da Schweizer 1-26, mai kimanin mita 12, wanda ya fara tashi a 1954, aka ƙera kusan 700, masu shi suka riƙa gasa a tsakaninsu kowace shekara.

Araha ba ta ado

Da roba mai ƙarfin zaren gilashi ta maye gurbin katako, rukunin mita 15 ya yi ta ƙara kyau yana ƙara tsada. Hukumar wasannin sama ta duniya, FAI, ta sake neman jirgin talaka. A 1993 ta zaɓi PW-5, ƙirar Jami'ar Fasaha ta Warsaw, mai mita 13.44, ta kafa masa Rukunin Duniya, aka yi gasarsa ta farko a Turkiyya a 1997. An sa ran ƙera dubbai, amma ba a kai 200 ba.

Dalilin a fili yake. Idan PW-5 ya sauko da mita ɗaya, yana cin gaba da kimanin mita 32. Tsofaffin jiragen mita 15 kuwa suna kaiwa kusan 40, ga su jibge a kasuwar na-hannu, sau da yawa da farashi mai sauƙi. Matuƙa suka ce da tsohuwar zuma ake magani. Rukunin ƙungiyoyi, wanda ke tara tsofaffin jirage ya daidaita makinsu gwargwadon ƙarfin kowanne, ya yi gasar duniya ta farko a Gawler ta Ostireliya a 2001, ya kuma cika da 'yan takara. Daga baya aka soke Rukunin Duniya, aka kawo na mita 13.5, wanda ya ba masu ƙira 'yanci, ya yi gasar farko a Lithuania a 2015. Shi ma bai kamo ƙafar na mita 15 ba wajen yawan jama'a.

Rabon Afirka

Afirka ba baƙuwa ba ce a wannan fage. Kwame Nkrumah ya gayyato matuƙiyar Jamus Hanna Reitsch, ta kafa makarantar shawagi a Afienya ta Ghana a 1962, ta bar ƙasar bayan juyin mulkin 1966. Afirka ta Kudu ta karɓi gasar duniya a Mafikeng a 2001, kuma kamfanin Jonker na can yana ƙera jiragen da ake cin kofuna da su.

Mu a Arewa ta ƙofar inji muka shiga sama. Jiragen sojan Birtaniya sun sauka Kano a 1925, an kafa kwalejin koyon tuƙin jirgi ta Zariya a 1964, kuma a nan Kaduna aka harhaɗa ƙananan jiragen Air Beetle domin horar da sojan sama. Ke nan hannu da fili da rana duk muna da su. Abin da ya yi wa ɗan talaka katanga shi ne kuɗin koyo, wanda mai da gyaran inji ke cinye kaso mai yawa daga cikinsa.

Kammalawa

Tarihin nan ya nuna cewa gajeren fiffike ya yi farin jini ne a duk lokacin da ya rage tsada ba tare da ya tauye matuƙi ba, ya kuma faɗi a lokacin da aka ɗora wa mutane jirgi daga ofis. Idan wata rana jami'o'inmu ko ƙungiyoyin matasa suka yi niyyar shiga wannan wasa, darasin Ka 6 da PW-5 ya ishe su jagora: tsohon jirgi mai nagarta, wanda ƙungiya za ta iya saye ta gyara da hannunta, ya fi sabo da aka yi wa talla. Da irinsa ne ɗan manomi zai iya koyon tuƙi, a kuma auna shi da abin da ya iya.